Ƙara wa Jif Ƙarfi: Abin da Inji Ke Bayarwa da Abin da Giya Ke Iya Ɗauka

Injin mota da iska yake rayuwa. Fetur ba ya cin wuta shi kaɗai, sai ya haɗu da iska, kuma haɗin yana da ma'auni: kowane kilo ɗaya na fetur yana neman kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Don haka duk mai son ƙarin ƙarfi a injinsa, kafin ya yi zancen mai sai ya yi zancen iska. In aka ƙara fetur ba a ƙara iska ba, abin da za a samu shi ne baƙin hayaƙi da fulogi mai dauɗa da yawan zuwa gidan mai. Inji mai lita 4 ba ya zuƙar abin da ya wuce lita 4 na iska a kowane juyi biyu, domin iyakar cikinsa ke nan. Hanyar sa shi ya ci fiye da haka biyu ce: ko a faɗaɗa silinda, ko a danna masa iskar da ƙarfi, kamar yadda ake danna auduga a buhu har ya ɗauki abin da ba zai ɗauka ba in zubawa kawai aka yi. Na'urar da ke wannan aikin ita ce sufacaja, da 'yar'uwarta turbo.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya ga tushen abin. Gawayi na ci a hankali, amma da yaron maƙeri ya kama zugazugi sai wutar ta yi fari, ƙarfe ya yi ja. Asalin sufacaja ma daga irin wannan aiki ya fito. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, su suka yi rajistar wata na'urar hura iska a 1860, aka riƙa amfani da ita a wuraren narka ƙarfe da ramukan haƙar ma'adinai. Daga baya masu ƙera inji suka ɗauke ta, kamfanin Mercedes ya fito da motocin sayarwa masu sufacaja a baje kolin Balin na 1921. Ita kuwa turbo, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistarta a 1905. Bambancinsu a wajen abin da ke juya su ne. Sufacaja bel ne ke jan ta daga jikin inji, shi ya sa da an taka totur take amsawa, sai dai tana cin wani kaso na ƙarfin da take samarwa. Turbo hayaƙin salansa ne ke juya ta, ƙarfin da zai tafi a banza take tsinta, amma sai inji ya ɗan ɗau gudu kafin ta farka.

A ƙasar Bagwai, arewa maso yamma da birnin Kano, maganar ƙarfin mota magana ce ta kullum, ko da ba a kira ta da waɗannan sunaye ba. Ƙasa ce ta noma wadda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Tun da aka kammala dam ɗin Watari a 1980 noman rani ya zauna da gindinsa, shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa suna fitowa daga bakin ruwa su nufi Bichi, ko kasuwar hatsi ta Dawanau, ko 'Yankaba a cikin Kano. Kafin kaya su hau kwalta kuwa sai sun bi hanyar burji da ta shanu, yashi da rani, taɓo da damina. Motocin da ke wannan wahala akori-kura ne irin su Hilux, da Kanta, da J5, da tsofaffin Peugeot da suka rage tun zamanin da kamfanin Kaduna, wanda ya soma haɗa mota a 1975, yake cika hanyoyin Arewa da su. Manyan jif masu sufacaja ba su da yawa a nan. An fi ganinsu ranar ɗaurin aure ko ta'aziyya ko taron siyasa, ko da salla in 'yan gari mazauna Kano da Abuja sun zo gida. Amma dokar da ke mulkin injin jif ɗin alhaji ita ce ke mulkin injin akori-kurar mai albasa, kuma ita jif ɗin ta fi nuna dokar a fili saboda komai nata babba ne.

Ita kanta ƙasar tana karɓar nata kason daga inji. Yankin Kano yana kusan mita 500 sama da teku, iskarsa ta fi ta Legas sauƙi. Zafi ma yana buɗa iska: lita ɗaya ta iska a zafin digiri 40 ta gaza wadda ke digiri 20 nauyi da kimanin kashi 6 cikin 100. In aka haɗa tudu da zafin watan Afrilu, iskar da mota ke shaƙa a hanyar Bagwai da tsakar rana ta gaza wadda aka auna injin da ita a masana'anta da fiye da kashi 10 cikin 100. Direban da ya ce motarsa ta fi ja da asuba gaskiya ya faɗa.

Jif mai sufacaja da aka fi sani a Najeriya ita ce Range Rover. Wadda ta fito a 2005 tana da injin V8 mai lita 4.2 da ƙarfin doki kusan 400, wadda ta biyo baya a 2009 mai lita 5 ta kai doki 510. Duka biyun sufacajarsu ta kamfanin Eaton ce, jikar waccan ta 'yan'uwa Roots. Kamfanin Toyota ma, ta sashensa na TRD, ya taɓa sayar da sufacajar da ake ɗora wa injin V8 mai lita 5.7 na Tundra da Sequoia, ta ɗaga shi daga doki 381 zuwa 504. Waɗannan motoci kowace ta haura tan biyu da rabi ko ta kusa, nauyin buhun masara 25 ke nan tun kafin mutum ɗaya ya shiga, shi ya sa masu su ba sa gajiya da neman ƙari.

Hanyar da ta fi arha ta ƙara wa irin wannan inji ƙarfi ita ce canza fuli, wato ƙaramar wilin da bel ke ratsawa a kan sufacaja. In aka sa wanda ya fi na asali ƙanƙanta, sufacaja za ta fi juyawa a kowane juyin inji, ta danna ƙarin iska. Aiki ne na yini guda, kuma da an fita gwaji mai mota zai ji bambanci a bayansa. Matsalar tana biyowa baya. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumama a hannu. Iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi, ga shi tana tsokano wutar da ba a shirya ba. Saboda wannan ne ake sa wa waɗannan motoci na'urar sanyaya iska tsakanin sufacaja da silinda, mai nata ruwan da nata ƙaramin lagireto da famfo. Wanda ya rage fuli bai ƙara wa wannan sashe girma ba, ƙarfinsa na minti biyar na farko ne. Da komai ya yi zafi sai ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta janye wuta don ta ceci inji, mota ta koma yadda take ko ma ta gaza. Ƙaramin fuli kuma yana rage wurin da bel ke kamawa, sai ya soma zamewa yana kuka.

Ƙarin iska yana neman ƙarin mai daidai gwargwado, a nan ne ake taɓa ƙwaƙwalwar mota. Ana jona ta da kwamfuta a sake rubuta mata lissafin yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In nozul da famfon mai sun kai iyakarsu, sai an canza su da manya. Ƙarancin mai a inji mai sufacaja ya fi yawansa haɗari nesa ba kusa ba, domin haɗin da mai ya yi masa kaɗan zafi yake yi har ya huda kan fistin. Wannan aiki ne na mai na'urar aunawa. Kunnen bakanike, komai ƙwarewarsa, ba ya jin ma'aunin iska da mai.

Babban abin da ya kamata ya tsayar da mai irin wannan mota a Najeriya shi ne fetur. A inji mai lafiya fulogi ne ke kunna wuta, ta bazu a tsanake ta tura fistin ƙasa. In matsi da zafi suka yi yawa, ragowar haɗin kan fashe da kansa, ya bugi fistin kamar guduma. Ana jin sa kamar ƙarar tsakuwa a gwangwani in an taka mota a hawa. Juriyar fetur ga wannan fashewa ita ake aunawa da lambar oktan, kuma masu ƙera injuna masu sufacaja mai lamba 95 ko sama suke so. A Turai da ƙasashen Larabawa direba na zaɓar famfon da ya dace da motarsa. A gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ne, na babur da na janareta da na Range Rover, balle wanda ake saya a galan a bakin hanya, inda ba a san abin da aka gauraya ba. A Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa bayan ya taɓa motoci. Lissafin ƙwaƙwalwa da aka rubuto daga Dubai ko Ingila don mai lamba 98, in aka zuba shi a motar da za ta sha man bakin hanya a zafin bazara, gyaran gangar Auzinawa ne. Bakanike mai amana zai bar rata, ya ɗauki ƙarin da man ƙasar zai iya jurewa ya tsaya nan.

Masu injin gas suna da tasu sigar. Injin 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, ƙarfinsa kimanin doki 130 ne kawai, amma ya yi suna wajen juriya daga Ostareliya har hanyoyin Agadas. Ana ɗora masa turbo daga baya, yana kuma amsawa. Sai dai ba a gina fistin ɗinsa da kan silindarsa don turbo ba, in aka buɗe famfon mai da yawa zafin hayaƙi kan tsaga su. Masu yin aikin da hankali agogon auna zafin hayaƙi suke fara sawa a gaban direba.

Duk wannan a ɓangaren inji ne. Ƙarfin da ya samar sai ya ratsa giya kafin ya kai taya, kuma a nan ne yawancin kuɗi ke salwanta. Inji yana da ƙarfi iri biyu da ake aunawa. Akwai ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da zai yi cikin lokaci, shi ke ba da gudu a kwalta. Akwai kuma ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da niyuton-mita, shi ke tayar da mota daga tsaye da lodi a bayanta. Manomi ya san bambancin: doki na sukuwa ne, amma in huɗa za a yi shanu ake ɗaura wa garma. Aikin giya shi ne ta musanya gudu da murɗawa. Yaron mota da ya kasa kwance notin taya, ya zura bututu a hannun sifana ya kwance shi cikin sauƙi, giya ta ɗaya ya yi da hannunsa. Abin da ke karya giya kuwa murɗawa ne, kuma sufacaja murɗawa take ƙarawa tun daga ƙasa, daidai inda giya ta fi shan wuya.

Kowace giya tana da iyakar da aka gina ta a kai. Range Rover mai lita 4.2 tana fitar da niyuton-mita 560, giyar kamfanin ZF na Jamus da ke bayanta, mai lamba 6HP26, an auna ta a kan 600. Ratar 40 ce kawai, ƙaramin fuli ɗaya ya isa ya cinye ta. Da aka zo mai lita 5, wadda ke fitar da 625, sai masu ƙera motar suka sa mata giyar da ta fi waccan ƙarfi. Haka kamfanin Jeep ya yi a 2018 da Grand Cherokee Trackhawk mai doki 707: ya ba ta giya mai hawa 8 da aka ƙarfafa, ya ƙarfafa farfela da sandunan taya, ya sa faifan birki na gaba mai faɗin santimita 40. Masu ƙera motar ba su yarda su ƙara wa inji su bar sauran yadda suke ba. Mai gareji da ya yarda ya yi haka, da kuɗin mai mota yake gwaji.

Giyar otomatik da mai take aiki, kuma man nan aiki uku yake yi a lokaci ɗaya. Shi ke ɗaukar ƙarfi daga inji a cikin wata tukunya mai fanka biyu suna fuskantar juna, ɗaya na watsa mai, ɗaya na karɓa. Shi ke matse faifan kuloci da ke jere a ciki domin giya ta shiga. Shi ne kuma ke kwashe zafi. In ƙarfin inji ya wuce abin da faifan za su riƙe sai su soma zamewa, zamewa ta haifi zafi, zafi ya ƙona mai, ƙonannen mai ya ƙara zamewa. Alamarsa ita ce inji ya yi ƙara mota ba ta ƙara gudu ba, ko giya ta shiga da bugu, ko man da yake ja a yawancin motoci ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri. Ka'idar da masu gyaran giya ke bi ita ce, in zafin mai ya wuce digiri 80, kowane ƙarin digiri 10 ko 11 yana raba kwanansa biyu. Ba gudun kwalta ne ya fi dafa shi ba. Tafiyar hawainiya a yashi ko taɓo da lodi, ana taka totur taya na juyawa a wuri ɗaya, ita ce ke tafasa man giya cikin 'yan mintuna. Mai jif da ya shiga hanyar bakin dam da damina bai sa ƙaramar giyar ƙarfi ba, wadda aka rubuta wa 4L ko L, ya bar maganin da ke gefen hannunsa.

Saboda haka gyaran giya da sanyaya mai yake farawa. Ana ƙara masa nasa ƙaramin lagireto a gaban mota inda iska ke bugawa, kuma wannan shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a duk aikin, ko an ƙara wa inji ƙarfi ko ba a ƙara ba. Sai man kansa: kowace giya da irin nata, na ZF ba ya haɗuwa da jan man da ake zuba wa kowace mota. Wasu motocin an sayar da su a kan cewa ba a canza musu man giya har abada, amma ZF da ta ƙera giyar ta ba da shawarar canza shi tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ga motar da ke shan wahala, kuma motar da ke yawo a ƙasar Kano cikin masu shan wahala take. Bayan wannan ne ake shiga ciki, a sa faifan kuloci masu juriya ko a ƙara yawansu, a gyara akwatin bawul da ke rarraba mai domin matsi ya ƙaru giya ta riƙa shiga da sauri, a ƙarfafa tukunyar fanka, a sake rubuta wa ƙwaƙwalwar giya lissafinta don ta san sabon ƙarfin da ke zuwa mata.

Wasu kan zaɓi su cire giyar gaba ɗaya su sa wata. A tsofaffin motoci wannan aikin ƙarfe ne da walda, kanikawan Kano sun daɗe da ƙwarewa a kai. A sababbi kuwa giya da inji da birki duk hira suke yi ta waya, giyar da ƙwaƙwalwar mota ba ta san harshenta ba za ta maƙale a hawa ɗaya ko da noti ya hau noti. Mai sayen giyar Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ya duba lambar da ke jikinta ya gwada da tasa, ya buɗe faranti ya ga man da garin ƙarfen da ya taru a maganaɗisu, ya kuma yi ciniki a kan za a mayar in ba ta yi ba.

Mai giyar hannu lamarinsa ya fi sauƙi. Kuloci ne ke fara sallamawa, akwai kuma masu ƙarfi da ake sayarwa, sai dai suna taurin taku.

Akwai wata hanya ta samun ja wadda ba ta taɓa inji ko kaɗan, ita ce ta haƙoran aksul da girman taya. Mutane da yawa suna sa wa jif manyan tayoyi don kyau ko don ta ɗaga daga ƙasa. Tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 10 cikin 100 tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan wannan kason, tana kuma sa agogon gudu ya faɗi ƙasa da gaskiya. Mai motar sai ya ce inji ya yi sanyi, alhali taya ce ta cinye ƙarfin. Mayar da taya ta asali, ko canza haƙoran aksul su dace da sabuwar, yana dawo da jan. A mota mai ja da ƙafa huɗu dole na gaba da na baya su zama lissafi ɗaya, in ba haka ba za su yi ta kokawa har ɗaya ya karye.

Birki kuma ba a ajiye shi sai an ga hali. Nauyin aikin tsayar da mota yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: motar da ke gudun kilomita 120 tana neman ninki huɗu na aikin birkin da take nema a kilomita 60. A hanyar da ke ratsa ƙauyuka, inda ɗan makaranta da amalanken shanu da mai babur ɗauke da buhu ke fitowa daga bayan darni ba sallama, wannan lissafi na rai ne. Masu sulke motocin manya don harsashi sun san nauyi ma yana ƙara wa birki aiki, shi ya sa duk nauyin da suka ƙara sai sun bi shi da birki da sifirin da taya masu ɗaukarsa.

Yawancin jif da akori-kurar da ake kai wa gareji don a ƙara musu ƙarfi, ƙarfinsu na asali ne ya ɓace a hanya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin makonni, buɗaɗɗiyar matatar da wasu ke sawa don mota ta yi numfashi kuwa ƙurar take bari ta wuce ta goge sufacaja da silinda kamar sanfefa. Lagireton da ƙaiƙayi da laka suka cike, da ruwan rijiya da ake zubawa maimakon ruwan sanyaya inji, suna sa zafi ya hau, ƙwaƙwalwa ta rage wuta. Cire bawul ɗin daidaita zafin ruwa, al'adar da ta yaɗu a garejoji, yana hana inji mai kwamfuta kaiwa zafin aikinsa da wuri, ya yi ta shan mai. Ga tsohon fulogi, ga nozul da ya toshe, ga bel da ya saki, ga famfon ruwan sanyaya iska da ya mutu shiru ba wanda ya sani. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowace lita da ta tafi a irin waɗannan ɓarna ana jin ta a aljihu. Bakanike mai tsari da awo yake farawa: ya gwada matsin kowace silinda, ya jona kwamfuta ya karanta laifuffukan da mota ta adana, ya duba man giya, sannan ya fita da ita da lodi da tsakar rana yana kallon zafin ruwa da na mai da na iskar da ke shiga. In an gama aiki ya sake bin hanyar a lokaci irin wannan ya gwada alƙaluman. In har an canza inji ɗungurum, lambar sabon sai ta shiga takardun mota, domin ita jami'an duba motoci ke gwadawa da abin da ke rubuce.